Farar giyar inabin Kudancin Tirol: me tsauni yake yi wa inabi?

Ƙanwata, na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce kina karatun kimiyyar noma, an ba ku aiki a kan amfanin gonar da ake nomawa a tsaunuka, kuma duk inda kika duba zancen farar giyar inabi ta Italiya sai kin ci karo da sunan Alto Adige, wurin da ake rubuta Jamusanci a jikin kwalabensa. Kina son sanin abin da ya sa wuri mai sanyi haka ya yi fice a ƙasar da aka sani da zafin rana da jar giya, ko gaskiya ne cewa iya tsayin gona iya kyan giyarta, sannan ko da gaske ne ana jin ɗanɗanon dutse a cikinta kamar yadda masu talla suke faɗa. Na shafe shekaru ina aikin inabi, na kuma yi kakar girbi a wannan yankin, don haka zan gaya miki abin da na sani da abin da na gani da idona.

Bari mu fara da wurin, domin sunansa ma yana rikita mutane. Italiyawa suna ce masa Alto Adige, wato saman kogin Adige. Mazaunansa, waɗanda kusan kashi 70 cikin ɗari Jamusanci ne harshen uwarsu, suna ce masa Südtirol, Kudancin Tirol. Yana can ƙarshen arewacin Italiya, ya yi iyaka da Ostiriya da Suwizalan, babban birninsa Bolzano, ko Bozen a bakin masu Jamusanci. Yanki ne na daular Ostiriya har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta miƙa shi ga Italiya. Shi ya sa ƙauyukan da irin inabi da yawa suke da suna biyu. Weissburgunder shi ne Pinot Bianco, Eisacktal ita ce Valle Isarco, Tramin ita ce Termeno. Idan ba ki riƙe wannan ba za ki ƙirga abu ɗaya sau biyu a aikinki. Gonakin inabin duka ba su kai hekta 6,000 ba, abin da suke samarwa bai cika kashi 1 cikin ɗari na giyar Italiya ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku na gonakin yau farin inabi ne.

Kuskuren farko da ake yi shi ne ɗaukar yankin a matsayin wuri mai sanyi kawai. Birnin Bolzano yana zaune cikin wani kwari mai kama da kwarya, tsayinsa daga teku wajen mita 260 ne kawai, kuma a watan Yuli yakan shiga sahun biranen da suka fi zafi a duk Italiya. Manyan tsaunukan Alps da ke arewa suna tare iska mai sanyi da gajimaren ruwa, kwarin kuma a buɗe yake ta kudu, ta inda ɗumin Bahar Rum yake shigowa. Da rana ta take sai wata iska ta taso daga tafkin Garda ta haura kwarin, sunanta Ora, takan kaɗa har la'asar, tana busar da ganye da 'ya'yan inabi, fumfuna ba ta samun wurin zama. Da rana ta faɗi sai al'amari ya juya. Iskar da ta yi sanyi a ƙololuwar duwatsu ta fi nauyi, sai ta gangaro kamar ruwa ta bi ta cikin gonaki. A watan Satumba, lokacin da inabi yake nuna, bambancin zafin rana da na dare yakan kai digiri 15, wani lokaci ya wuce. A nan sirrin yake, kuma idan kin fahimci abin da wannan bambancin yake yi a cikin ƙwayar inabi ɗaya, kin fahimci rabin amsar.

Ƙwayar inabi tana ɗauke da abubuwa uku da mai yin giya ya damu da su: sukari, tsami, da ƙamshi. Sukari ganye ne yake ƙera shi da hasken rana, shi ne kuma yis yake ci ya mayar da shi barasa, wajen giram 17 na sukari a lita yana ba da kashi 1 cikin ɗari na barasa. Tsamin iri biyu ne manya. Akwai tartarik, wanda zafi bai cika taɓa shi ba. Akwai kuma malik, irin wanda ake ji a ɗanyen tuffa, shi kuwa da zarar ƙwaya ta fara nuna sai ta koma ƙona shi a matsayin makamashin numfashinta, kuma iya zafin wuri iya saurin ƙonewarsa. A fili mai zafi inda dare ma ba ya hucewa, ƙwaya tana cin tsaminta ba dare ba rana. Kafin ƙamshinta ya kammala, sukari ya yi yawa, tsami ya tafi, giyar ta fito da nauyi, lami, ba ta da kaifi. A gangaren tsauni kuwa rana tana tara sukari, dare yana taka wa numfashi birki. Tsami yana sauka a hankali, manomi yana samun ƙarin makonni da zai bar inabi a jikin kuranga ba tare da ya yi asara ba, a cikin waɗannan makonnin ne ƙamshi yake haɗuwa. Jar giya tana da abin dogaro ko tsami ya ragu, domin ana tsima ta tare da ɓawonta, ɓawon yana ba ta launi da barci-barcin da ke riƙe ta. Farar giya matse ruwan ake yi a raba shi da ɓawo, saboda haka tsami shi ne ƙashin bayanta. Da shi take tsayuwa, da shi take jure shekaru a kwalba.

Na ga wannan da idona wata kaka. A rana ɗaya muka ɗebi samfurin inabi iri ɗaya, Pinot Bianco, daga gonaki biyu na gangare ɗaya. Ta farko tana ƙasa kusa da hanya, ɗayar sai da muka yi ta hawa a mota muna zagaya kwana-kwana. A gonar ƙasa 'ya'yan sun yi ruwan zinariya, sun yi laushi, ƙudan zuma na bin su, idan ka matse ɗaya ruwan yana manne maka a yatsa. A ta sama, da sanyin safiya har yatsuna suna ƙagewa a kan almakashi, 'ya'yan kore ne shar, da ƙarfi, idan ka tauna sai haƙoranka sun mutu. Muka ɗiga ruwan a kan gilashin ƙaramar na'urar auna sukari, muka ɗaga ta sama muna leƙawa. A can da ma'aunin Klosterneuburg suke aiki, wanda suke taƙaitawa da KMW. Ta ƙasa ta isa tsinka a makon nan, ta sama sai da ta ƙara kusan mako uku. Dalilin a lissafe yake: duk mita 100 da aka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 0.6. Gonakin yankin kuwa sun fara daga wajen mita 200 har sun wuce mita 1,000. Wato a cikin tafiyar rabin sa'a za ki ratsa yanayin da a fili sai kin yi ɗaruruwan kilomita zuwa arewa kafin ki same shi.

Saboda haka tsaunin tamkar matakala ne, kowane irin inabi da matakinsa. Can ƙasan kwari, inda ƙasa take da danshi kuma sanyin dare yake taruwa ya kwanta, yawanci ba inabi ake sawa ba, tuffa ce, kusan hekta 18,000, ninki uku na gonakin inabi. A ƙananan wurare masu ɗumi na kudu, wajen Salurn da Margreid, akwai Pinot Grigio da Chardonnay. Ba zan daɗe a kansu ba, suna da kyau, sun fi na filayen ƙasa tsafta da kaifi, amma ana samun irinsu a wurare da yawa.

Wanda ya fi jan hankalin baƙo shi ne Gewürztraminer. Sunansa daga ƙauyen Tramin ya fito, "Gewürz" kuma kayan ƙamshi ne a Jamusanci, ko da yake binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa rikiɗa ce ta wani tsohon iri mai suna Savagnin, wanda ake nomawa a Jura ta Faransa. Ɓawonsa ma ba fari ba ne, ja-ja ne mai haske, ruwan ne fari. Ƙamshinsa ba ya ɓuya: furen wardi, kanumfari, citta, da 'ya'yan itacen lici, kuma wannan ba zuƙi ba ne, domin sinadarin da ke ba lici ƙamshinsa shi ne dai a cikin wannan inabin. Matsalarsa ita ce yana tara sukari da sauri, tsaminsa kuma ɗan kaɗan ne tun asali. A wuri mai zafi giyarsa takan fito kamar turare, mai maiƙo, barasa ta haura kashi 14, mutum ya gaji da ita a kurɓi biyu. A wuri mai sanyi sosai kuma ƙamshin ba ya fitowa, sai ɗaci. Gangaren da ke saman Tramin, tsakanin mita 300 zuwa 500, mai ƙasar yumɓu da farar ƙasa, rana tana dukansa tun safe, da la'asar kuma inuwar dutsen Mendel ta rufe shi da wuri, iska mai sanyi ta sauko. Wannan shi ne daidai abin da irin yake bukata, kuma wuraren da suke da shi a duniya ba su da yawa.

Amma idan kika tambaye ni wanda ya fi bayyana yankin, Pinot Bianco zan ce, kuma na san akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba. A yawancin ƙasashe ba a ɗauke shi a bakin komai ba, inabin cike gurbi ne. Ba shi da ƙamshi mai ƙarfi da zai fake a bayansa, ɗan tuffa ne, ɗan furen itace, shi ke nan. Wannan rashin kwalliyar ne ya sa yake tona asirin gonar da ya fito. Idan an shuka shi ƙasa da yawa sai ya yi lami, idan an bar masa 'ya'ya da yawa sai ya zama ruwa. A tsakanin mita 400 zuwa 800, a wajen Eppan da saman Terlan, yana ba da giya mai tsauri a shekarar farko, wadda sai ta shekara biyar ko goma take buɗewa. Manomin da ya iya Pinot Bianco ya san gonarsa.

Daga Bolzano idan aka bi kogin Eisack zuwa arewa ta cikin kwarinsa, wato Eisacktal, hanyar mashigar Brenner, kwarin yana ƙuntata, gonaki suna manne a jikin dutse bisa dakalan da aka gina da duwatsu ba siminti. Nan ne gonakin inabi mafi arewa a Italiya, kusan duk farare. A kusa da Brixen akwai gidan ibadar Neustift, wanda Italiyawa ke kira Novacella, an kafa shi a 1142, kuma har yau ana yin giya a cikinsa. Irin da ake nomawa nan na ƙasashen Jamusanci ne: Sylvaner, Grüner Veltliner, Riesling, da Kerner. Labarin Kerner yana ba ni sha'awa. Wani masani mai suna August Herold ne ya haɗa shi a Jamus a 1929, ya auri Riesling da wani jan inabi mai suna Trollinger, wanda shi ne dai Vernatsch na Kudancin Tirol, sunan Trollinger ɗin ma daga kalmar Tirol ya samo asali. A Jamus an shuka Kerner a filaye don yawan amfani, darajarsa ta zube. Sai da ya dawo tsaunukan kakanninsa, a mita 600 zuwa 900, inda yake jure sanyi kuma ba ya saurin toho, sannan aka ga abin da zai iya. Haka Müller-Thurgau, wanda Hermann Müller ya haɗa a 1882, irin da aka daɗe ana yi wa kallon na giyar araha. A 1972 Herbert Tiefenbrunner ya shuka shi a Fennberg, mita 1,000 daga teku, a lokacin da ake ganin inabi ba zai nuna a can ba, giyar wannan gonar kuma ta zama abin misali. Ta yamma kuma akwai kwarin Vinschgau, inda ruwan sama bai fi milimita 500 a shekara ba, tun zamanin da da ƙananan magudanai masu suna Waale ake janyo ruwan narkakkiyar ƙanƙara zuwa gonaki. Riesling yana jin daɗin wurin.

To, mu zo ga tambayarki ta biyu, ko iya tsayi iya kyau. A'a. Na ga gonakin da aka kai su sama fiye da kima saboda a samu abin rubutawa a jikin kwalba, inabin bai nuna ba har sanyi ya shigo, giyar ta fito da tsami tsagwaron sa da warin ɗanyar ciyawa. Tsayi lamba ɗaya ce cikin lambobi da yawa. Gangaren da ya fuskanci kudu a mita 800 yana iya fin wanda ya fuskanci arewa a mita 500 ɗumi. Akwai ƙarfin gangaren, akwai sa'ar da inuwar dutsen da ke gefe take faɗowa, akwai ko iska tana ratsawa ko tana tsayawa. Wani abin da ɗalibai suke mamaki shi ne, a dare mai tsananin sanyi a lokacin toho, tsakiyar gangare ta fi ƙasan kwari aminci, domin iska mai sanyi wucewa take yi ta taru a ƙasa, a can take ƙona sabon toho. A aikinki kada ki rubuta tsayin gona ki tsaya, ki haɗa da inda ta fuskanta da irin da aka shuka.

Zancen ɗanɗanon dutse kuwa, a nan nake rabuwa da masu talla. Gaskiya ne ƙasar yankin iri-iri ce ƙwarai. A wajen Terlan da Bolzano akwai jan dutse mai suna porfiri, wanda aman wuta ya bari tun kafin a yi tsaunukan Alps. A kudu akwai farar ƙasa da dolomait, dutsen da tsaunukan Dolomites suka ci sunansa. A Eisacktal akwai giranit da duwatsu masu sheƙi da ke ɓarewa falle-falle, ga kuma tsakuwar da ƙanƙarar zamanin da ta turo ta bari. Gaskiya ne kuma giyar da ta fito daga porfiri ta bambanta da ta farar ƙasa, wanda ya saba yana iya rabewa. Sai dai saiwa ba ta tsotsar ɗanɗano. Abin da take ɗauka narkakkun sinadarai ne irin su fotasiyam da kalsiyam, a ɗan ƙaramin adadin da harshe ba ya iya ji. Aikin dutse ta bayan gida yake. Ƙasar porfiri yashi-yashi ce, ba ta riƙe ruwa, tana ɗaukar zafi da wuri, ba ta da taki, sai kuranga ta wahala, ta yi ƙananan 'ya'ya, ta tura saiwa can ƙasa. Yumɓu mai farar ƙasa yana riƙe danshi da sanyi, nuna ya zo a makare. Yawan fotasiyam da ƙasa take bayarwa ma yana rage kaifin tsami. Ruwa ba ya tsami banza, akwai dalili, amma dalilin yana cikin yadda ƙasa take sarrafa ruwa da zafi da abincin shuka. Ki rubuta haka, malaminki ba zai ja da ke ba.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, wanda ba ya cikin tambayarki. Tsaunin nan da iskarsa da duwatsunsa suna nan tun fil azal, amma shekara hamsin da suka wuce ba wanda yake ambaton yankin a zancen farar giya mai daraja. A shekarun 1970 kusan kashi 80 na abin da ake nomawa ja ne, yawancinsa Vernatsch, wanda Italiyawa ke kira Schiava. Ana ɗora shi a kan rumfuna da suke kira Pergl, yana zuba 'ya'ya jingim, a yi giya marar nauyi, a loda a tankoki a tura Ostiriya da Suwizalan da Jamus a kan araha. Tun da aka buɗe layin dogo na Brenner a 1867 kasuwar take tafiya haka. Fararen iri irin su Pinot da Riesling sun shigo tun ƙarni na 19, ana danganta shigo da wasunsu ga Yarima Johann na Ostiriya, amma ba su ne abin dogaro ba. Wajen ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 sai kasuwar ta rushe, masu saye suka juya baya, tankoki suka cika ba mai ɗauka.

Abin da ya fitar da su shi ne ƙungiyoyin gama-kai. Manoman inabi a yankin sun kai wajen 5,000, kowanne gonarsa wajen hekta ɗaya ce a matsakaici. Mai hekta ɗaya ba zai iya sayen injin matsa da tankunan sanyaya ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun 1893 aka fara kafa ƙungiyoyin, a Andrian da Terlan da Neumarkt, ta Tramin ta biyo a 1898, kuma yau guda 12 ne suke yin kusan kashi 70 na giyar yankin. A ƙasashe da yawa giyar ƙungiya ita ce ta ƙasa, domin ana biyan manomi a kan kilo, shi kuma ya cika kwando da duk abin da ya samu. A nan mutane irin su Luis Raifer a ƙungiyar Schreckbichl da Hans Terzer a ta St. Michael-Eppan, tare da masu gidajen kansu irin su Alois Lageder, suka canza lissafin. Aka koma biya a kan inganci: wane iri ne, daga wace gona, nawa ne sukarinsa da tsaminsa, lafiyar 'ya'yan, kuma ko manomi ya tsaya a iyakar amfanin da aka yanka masa. Aka sa malaman gona suna zagaya gonaki duk shekara. Aka tumɓuke Vernatsch daga wuraren da ba nasa ba, aka rushe rumfuna da yawa aka koma jeri a kan waya, salon Guyot, mai ba da 'ya'ya kaɗan masu ƙarfi.

Kada ki ɗauka abin ya zo da sauƙi. Wani dattijo da na yi aiki a gonarsa, hannayensa duk sun yi kanta, ya nuna mini layin da ya fara yanke ɗanyun nonnan inabi a watan Yuli yana zubarwa a ƙasa, don waɗanda suka rage su samu ƙarfi. Ya ce ranar da ya fara, mahaifinsa ya zo ya tsaya a bakin gona, ya dubi 'ya'yan a zube a ƙasa, ya juya ya koma gida bai ce uffan ba, kwana biyu ba ya yi masa magana. Mutumin da ya taso cikin talauci bayan yaƙi, a ce masa ya zubar da abin da Allah ya ba shi, ai da ciwo. Sai da kuɗin kaka suka shigo, aka ga rabin kaya ya fi cikakken kaya na da kawo kuɗi, sannan tsohon ya ɗauki almakashi da kansa.

Aikin ɗakin tsimi ba shi da wani ɓoyayyen abu. Ana tsinka da hannu, a matse a hankali, a bar ruwan ya kwanta, a tsima shi da sanyi, ƙasa da digiri 20, don kada ƙamshi ya gudu. Masu ƙamshi irin su Kerner da Müller-Thurgau yawanci a tankin ƙarfe ake barin su. Pinot Bianco da Chardonnay masu daraja sukan shiga manyan gangunan katako, waɗanda ba sa sa wa giya warin itace sosai. A shekarun 1990 an yi yayin ƙananan sababbin ganguna, har katako ya danne inabi, na ji daɗi da yayin ya ja baya. Abin da ya fi tasiri shi ne barin giya a kan lakar yis ɗin da ta kwanta bayan tsimi. A nan dole a ambaci Sebastian Stocker, wanda ya riƙe ɗakin tsimin Terlan daga 1955 zuwa 1993. A zamanin da kowa ya yarda farar giya sai a sha ta da ƙuruciyarta, shi yana ajiye kwalabe a gefe kowace shekara, yana kuma barin wasu giyoyin a ƙananan tankuna a kan lakarsu shekara goma ko fiye. Da aka buɗe su bayan shekaru aka tarar ba su mutu ba, sun ƙara zurfi. Har yau Terlan tana bin wannan hanya. Ƙungiyar Tramin kuma ta ajiye wata Gewürztraminer mai zaƙi ta 2009, mai suna Epokale, a tsohon ramin haƙar azurfa da ke wajen mita 2,000 a kwarin Ridnaun, inda sanyi ba ya canzawa rani da damina. A 2018 mujallar Wine Advocate ta ba ta maki 100 cikin 100, karo na farko da farar giyar Italiya ta samu haka a wurinta.

Duk wannan da tsadarsa. A gangaren da tarakta ba ta iya hawa, komai da hannu ne: datsa, ɗauri, feshi, ɗaukar kwanduna a baya, gyaran katangar dakali idan ruwa ya ture ta. Awannin aikin hekta ɗaya sukan ninka na fili sau da yawa. Cibiyar CERVIM da ke kwarin Aosta, mai kula da noman inabin tsaunuka, ta sa ma'auni: gonar da gangarenta ya wuce kashi 30 cikin ɗari, ko tsayinta ya wuce mita 500, ko take bisa dakalai, ita ce suke kira noman jarumta. Ga ƙanƙarar sama da ke iya share gumin shekara cikin minti goma, shi ya sa za ki ga raga a shimfiɗe a kan gonaki da yawa.

Abin da yake damun masu aikin yanzu shi ne ɗumamar yanayi. Girbi ya matso gaba da makonni idan aka kwatanta da shekarun 1980, kuma gonakin ƙasa da suke ba da farar giya mai kaifi a da sun fara yin zafi da yawa. Sa'ar yankin ita ce yana da inda zai hau, abin da mai gonar fili ba shi da shi. Ana ta matsar da Pinot Bianco da Sauvignon sama, ana gwada sababbin iri masu jure fumfuna irin su Solaris da Souvignier Gris a wuraren da a da makiyaya ce ta shanu, cibiyar bincike ta Laimburg, wadda aka kafa a 1975, tana bin diddigin gwaje-gwajen. Amma sama ma da nata haɗarin: toho yana fitowa da wuri saboda ɗumin Maris, sanyin Afrilu ya zo ya ƙone shi, ƙasa ba ta da kauri, ruwan ban-ruwa yana wahalar kaiwa. Daga girbin 2024 kuma an amince da ƙananan yankuna 86 da za a iya rubuta sunansu a jikin kwalba, kowanne da irin inabin da aka yarda ya ɗauki sunan, tare da rage yawan amfanin da aka halatta. Idan kina neman abin da za ki gina aikinki a kai, ki samo taswirar waɗannan yankunan, ki ɗora ta a kan taswirar tsayi da ta nau'in ƙasa, ki ɗauki iri ɗaya kamar Pinot Bianco, ki bi shi daga gona mafi ƙasa zuwa mafi sama, kina kwatanta ranar girbi da sukari da tsami na shekaru goma a jere.